Wai raka'a ta nawa nike ciki?

Ranar da abin nan ya fara damuna da gaske wata Laraba ce, sallar la'asar, ni kaɗai a ɗaki don na makara ban samu jam'i ba. Na kabbara lafiya lau, na karanta fatiha, daga nan kuma wallahi ban san inda na tafi ba. Kawai tsintar kaina na yi zaune ina tahiya, kuma a ɗan tsakanin nan na gama lissafin kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa, na yi faɗa da mai gyara mani babur a zuci har na kada shi da hujja, na kuma auna ko in sayi buhun masara yanzu ko in jira kaka. Tahiyar farko ce ko ta ƙarshe? Oho. Na gina kan mafi ƙaranci, na ciko, na sallame na yi ba'adi, kuma a cikin ita sujjadar gyaran ma sai da hankalina ya sake leƙawa wajen masarar.

Abin kunyar shi ne ni malamin bayoloji ne a wata sakandare nan cikin Katsina, duk shekara sai na zana ƙwaƙwalwa a allo da alli mai launi, in ce ma yara nan ne gani, nan ne ji, nan ne tunani, su kwafa su haddace su ci jarrabawa. Amma tawa ƙwaƙwalwar ta gagare ni riƙewa na minti biyar. Maiɗakina ta daɗe tana ƙorafi, sai tana ba ni labari ta tsaya ta ce Malam kana nan kuwa? in ce ina jinki mana, ta ce to mi na ce, sai in kama kame-kame. Waya kau ba a magana, in na ɗauka don in duba saƙo ɗaya sai in farka bayan rabin awa ina kallon bidiyon wasu mutane da ban sani ba suna gardamar da ba ta shafe ni ba.

To daga wannan Larabar na fara bincike, da farko ina neman maganin rafkanuwa ne kawai, sai hanya ta kai ni ga abin da Turawa ke ce ma mediteshan. Ni dai zaman natsuwa nike ce mashi, don kalmar tasu ba ta zauna mani a baki ba.

Abu na farko da ya ɗan sanyaya mani rai shi ne gano cewa ba ni kaɗai ba ne. A 2010 wasu masana biyu a jami'ar Habad ta Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun yi wata dabara da manhajar waya. Wayar kan yi ƙara a lokacin da mutum bai zata ba ta tambaye shi mi kake yi yanzu, hankalinka na kan abin da kake yi ko yana wani wuri, kuma ya kake ji a ranka. Mutum 2,250 suka amsa. Sakamakon da ya fito, kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan da aka tambaya hankalin mutane ba ya kan abin da ke gabansu. Kusan rabin rayuwar farke ke nan fa, gangar jiki na Rafindadi zuciya na Legas. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, lokacin da hankali ya tafi yawo mutane sun fi rashin jin daɗi, ko da tunanin mai daɗi ne ya ɗauke su ba su fi wanda ke kan aikinshi walwala ba.

Shi wannan yawon ashe yana da gida a cikin kai. A 2001 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Marcus Raichle ya bayyana cewa akwai wasu sassa na ƙwaƙwalwa da ke tashi aiki tare daidai lokacin da mutum ya daina yin komi, su lafa in ya duƙufa kan wani aiki. Dama ita ƙwaƙwalwa ba ta san hutu ba, nauyinta wajen kashi 2 cikin 100 ne na jiki amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kana aiki ko kana kwance. Ni na raɗa ma waɗannan sassan suna majalisa, don sak irin majalisar bakin titi ce ta bayan la'asar, ba su da aiki sai tono abin da ya wuce da hasashen abin da bai zo ba, kuma kullum kai ne maudu'in hirar. Wane ya raina ka ranar suna, mi ya sa ba ka rama ba, in aka kore ka daga aiki ina za ka sa kanka. Tana da amfaninta fa, kar in zalunce ta, da ita muke shirya gobe muke tuna jiya. Matsalar ita ce ba ta san a tashi ba, ko an kira salla tana nan zaune.

A 2011 Judson Brewer da abokan aikinshi a jami'ar Yel suka sa mutanen da suka shekara da shekaru suna zaman natsuwa a cikin na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka kwatanta su da sababbin shiga, sai suka ga manyan sassan majalisar nan sun fi yin shiru a kan tsofaffin hannun. Wannan ya burge ni amma bai koya mani komi ba. Wanda ya koya mani wani ƙaramin bincike ne na 2012 da wata mata Wendy Hasenkamp ta jagoranta a jami'ar Emori. Mutum 14 kacal, duk waɗanda suka saba da zaman, aka sa su a na'ura aka ce su bi numfashinsu, duk sanda suka farga hankalinsu ya gudu su danna wani maɓalli su dawo. Sai ga shi su ma gwanayen hankalinsu na gudu, suna ta danne-danne. Daga nan aka fitar da zagaye mai hawa huɗu, hankali ya tafi, ka farga ya tafi, ka janyo shi, ka riƙe shi, sannan ya sake kuɓucewa, kuma kowane hawa akwai sassan ƙwaƙwalwar da ke ɗaukar nauyinshi daban.

Nan na gane kuskuren da na yi sati biyu ina yi. Ni a zatona ana so ne kai ya zama fayau ba tunani ko ɗaya, shi ya sa duk zaman da na yi sai in tashi da haushin kaina, in ce wannan ba irin namu ba ne, na waɗanda ba su da bashi ne. Ashe fargar nan da janyowar su ne aikin. Kamar akuya ce da ka ɗaure a turke, za ta ja igiya ta nufi dawar maƙwabci, ka jawo ta, ta koma, ka jawo ta, kuma hannunka na ƙara ƙarfi ne da yawan jan. Ranar da hankalina ya gudu sau talatin na dawo da shi sau talatin, ranar na fi yin atisaye, duk da ita ce ranar da na fi jin kamar na faɗi.

Yadda nike yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Bayan asuba in na gama azkar, kafin yara su tashi gidan ya zama tasha, sai in zauna nan kan darduma in jingina da bango, in sa agogon waya minti goma in kifa ta can nesa inda hannu ba ya kaiwa. Ba na rufe ido duka don barci ke kwashe ni, ƙasa nike kallo. Sai in bi iska tana shiga hanci tana fita, ina ƙirga fitar, ɗaya har goma, in na ɓace in koma ɗaya. Watan farko ban taɓa wuce huɗu ba. Lokacin hunturu ya fi sauƙi don iskar na da sanyi kana jin shigarta sosai, a watan Afrilu kau da zafin Katsina ga ba wuta ga sauro, zaman kan koma jarrabawar haƙuri zalla.

Inda na fara ganin canji ba a salla ba ne ma, a fushi ne, kuma ban yi tsammanin haka ba. Ni mutum ne mai saurin hawa, gidanmu an san ni, tun ina yaro ake ce mani fitila sha iska. Wata rana wajen Ƙofar Ƙaura wani mai kurkura, abin da Kanawa ke ce ma adaidaita sahu, ya yanko gabana ba sigina ba komi don ya hango fasinja, saura ƙiris in daki bayanshi da ɗiyata a bayan babur. Da a da ne kafin in taka burki baki ya riga ya saki abin da zai saki. Ranar sai na ji abin yana tasowa kamar ina kallonshi, ƙirji ya ɗau zafi, haƙora sun cije, hannu ya damƙe kan babur, a raina na ce to ga fushi nan ya iso. Daƙiƙa biyu ce ko uku, ba ta fi ba, amma ta ishe ni in tuna yarinya na jina. Na dai ce mashi bawan Allah a riƙa duba madubi, ya ɗago hannu ya ce yi haƙuri Malam, kowa ya kama gabanshi. Fushin bai tafi nan take ba, har muka kai gida ina huci, bakin ne kawai bai bi shi ba.

Wannan ma akwai bayaninshi. Can cikin ƙwaƙwalwa ta wajen saitin kunnuwa akwai wasu 'yan ƙwayoyi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ba ta wuce girman gujiya ba, sunansu amigdala. Aikinsu irin na maigadi ne, da sun hango abin da ya yi kama da haɗari sai su buga ƙararrawa, zuciya ta hau bugu, jini ya kwarara zuwa damatsa, tun kafin ɓangaren da ke bayan goshi, wanda shi ne mai auna abu da hangen ƙarshenshi, ya gama fahimtar mi ke faruwa. A 2007 Matthew Lieberman a Kalifoniya ya nuna ma mutane hotunan fuskoki masu fushi da masu tsoro suna cikin na'ura. In aka ce su zaɓi kalmar da ta dace da yanayin fuskar, fushi ne ko tsoro, sai ƙarar maigadin ta ragu, wani sashe na bayan goshi ta dama ya ƙara aiki. Wato ambaton abin da sunanshi kaɗai na rage mashi kaifi. Da na karanta wannan sai hadisin nan ya faɗo mani, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in ɗayanku ya yi fushi yana tsaye to ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa. Tun muna makarantar allo muka san shi. Amma kafin ka zauna ai sai ka fara sanin cewa ka yi fushi, kuma da yawanmu sai mun gama ɓarna muke sani. Fargar da nike koya da ƙirgen numfashi ita ce dai wannan fargar.

Yanzu bari in taka burki, don na ga yadda ake tallar abin nan a intanet kamar maganin gargajiya na bakin kasuwa mai warkar da cuta casa'in da tara. Za ka ga an rubuta wai sati takwas kacal ƙwaƙwalwarka za ta ƙara girma. Maganar tana da asali. Wani Ba'amurke Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri a asibitin jami'ar Masacuset a 1979, na sati takwas, ana haɗuwa sau ɗaya a sati wajen awa biyu da rabi, a gida kuma mutum ya yi minti 45 kullum, ya faro shi ne don masu ciwon da ya ƙi jin magani. Mafi yawan binciken da ake ambato kan wannan shirin aka yi su. A 2011 wani bincike ya ce an ga wasu sassan ƙwaƙwalwa sun ƙara kauri bayan sati takwas ɗin, jaridu suka ɗauka duniya ta amsa, amma mutum 16 ne suka yi shirin a binciken. A 2022 ƙungiyar Richard Davidson a jami'ar Wiskonsin, shi kanshi mutumin da ya shafe shekaru masu yawa kan nazarin zaman natsuwa, suka sake gwadawa da mutum sama da 200, da ƙuri'a aka raba su rukuni-rukuni, kuma ba su ga wani canji a girma ko kaurin ƙwaƙwalwa ba. Suka fito suka faɗa. Ni wannan ya ƙara mani ganin girmansu wallahi, don ba kowa ke iya fasa tulun da ya daɗe yana ɗauka a ka ba.

Abin da ya tsaya da ƙafarshi ya fi wannan tawali'u. A 2014 masana a jami'ar Jons Hofkins suka tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515, suka ce akwai hujja matsakaiciya cewa yana rage fargaba da baƙin ciki mai nauyi da raɗaɗin ciwo, amma ba su ga ya fi motsa jiki ko magani ba. A 2022 kuma Elizabeth Hoge ta jami'ar Jojtawun ta raba mutum 276 masu cutar fargaba gida biyu, wasu shirin sati takwas wasu ƙwayar da likitoci suka saba bayarwa, sakamakon ya zo kusan kunnen doki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma a lura da malami aka yi da kuma minti 45 kullum, ba minti goma na irina ba, kuma ba wanda ya ce mai shan magani ya ajiye ba tare da likitanshi ba.

Na ma taɓa kai abin aji, da zumuɗin sabon tuba. Na ce ma 'yan aji biyu kowa ya ajiye biro ya bi numfashinshi minti uku. Minti ɗaya ba a yi ba wani ya yi minsharin ƙarya daga baya, aji ya tarwatse da dariya, ni ma na dara. Daga baya na ga a Birtaniya an yi gagarumin gwaji da ɗalibai sama da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14, aka fitar da sakamako a 2022, bai fi darasin da aka saba yi masu amfani ba, yawancin yaran ma ba su yi a gida ba. Abin da aka tilasta ma yaro dama haka yake ƙarewa.

Akwai kuma wanda zaman shirun kan iya tayar ma da ciwo, wannan ina so a ji shi da kyau saboda halin da jiharmu ta shiga. Willoughby Britton ta jami'ar Burawun ta daɗe tana tattara bayanan mutanen da zaman ya jawo masu firgici da rashin barci da dawowar mugun abin da suka taɓa gani. Muna da 'yan'uwa daga Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba a hannun 'yan bindiga. Irin wannan bawan Allah in ka ce ya rufe ido ya zauna shiru shi kaɗai, wataƙila daji ka mayar da shi. Shi likitan ƙwaƙwalwa yake buƙata da mutane a kusa da shi, kuma zuwa wajen likitan ba hauka ba ne.

Na san tambayar da ke bakin wasu tun sakin layi na uku, shin wannan ba addinin wasu ba ne? Gaskiya ne shirin Kabat-Zinn daga al'adar mabiya Buda ya samo dabarunshi, ya cire ɓangaren bautar ya kai asibiti. Ni ma abin ya tsaya mani, sai da na kai ma malamin da nike ɗaukar karatu wajenshi a zaure. Ya ce kana kiran wani abu ko kana sujjada ma wani abu? Na ce a'a Allah gafarta Malam, numfashi kawai nike ƙirgawa. Ya ce to kar dai ka maida shi ibada, kar kuma ya ci maka lokacin azkar, sannan ya yi murmushi ya ce mu halarto da zuciya muke ce ma abin da kake nema, kuma malamai sun daɗe suna kuka da rashinshi. Kowa dai ya tambayi nashi malamin. Ni na raba su, zikiri don Allah nike yi ba don amigdala ba, zaman minti goman kuma kamar wasa wuƙa ne kafin a zo yanka. Sallar tawa har yanzu hankali na gudu, bambancin kawai yanzu nakan kama shi tun a ruku'u maimakon sai a tahiya.

Sati biyu da suka wuce na je Daura gaida goggona, yayar mahaifina, ta haura tamanin. Tun ina ƙarami na san ta da zama bayan asuba, ta fuskanci gabas da carbinta har rana ta fito, ko gobara ake ba ta tanka maka. Kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko lokacin rabon gadon da ya kusa raba gidan biyu. Na kwana can, da safe na zauna gefe ina satar kallonta, sai na lura numfashinta a hankali yake fita, dogo, tare da abin da take ja. Sai na tuna wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, da ya auna mutum 23 a 2001 suna jan addu'ar carbin Kiristocin Katolika da kuma wasu kalmomin 'yan yoga, ya ga numfashinsu ya sauko zuwa kusan 6 a minti, alhali babba a zaune kan yi 12 zuwa 20, kuma bugun zuciyarsu ya daidaita da numfashin. Dama duk sanda mutum ya saki numfashi zuciya kan ɗan rage gudu, aikin wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga kai ta ratsa wuya zuwa ƙirji da ciki.

Da ta shafa na matsa na gaishe ta, na kwashe duk wannan na faɗa mata, har da majalisa da maigadi da mutumin Italiya. Ta saurare ni tsaf tana juya goro a baki.

Na ce Goggo ke hankalinki ba ya tafiya wani wuri in kina ja?

Ta ce yo ɗan nan ina zai fasa, yau ma sau nawa ya je wajen kajin can da ba a buɗe ba. In ya je sai in ce mashi dawo, ba a gama ba.

Na ce shekara nawa kina haka?

Ta ce tun kafin a yi ma ubanka kaciya. Sannan ta miƙo mani carbin ta ce tunda kai mai bincike ne duba mani nan, zaren ya fara cinyewa wajen liman, in ka koma birni ka sa a sake mani shi da mai ƙwari, kuma kar a canja mani 'ya'yan, hannuna ya saba da su.

Carbin na aljihun rigata yanzu haka, sau biyu ina wucewa ta gaban masu carbi a bakin babban masallaci ina mantawa.